Yawon kallon faɗuwar rana a kwarin Tarka da gandun Gadabeji: abin da ya kamata a sani kafin a tashi daga Dakoro

A ƙasashe da dama masu hamada, fita da jagora domin kallon faɗuwar rana a bakin kwari ko kan tudun rairayi sana'a ce da ke ciyar da gidaje masu yawa. A Nijar, sunan Agadas ne ke fara zuwa bakin mutane idan ana zancen irin wannan yawo. Sai dai jihar Maradi ma tana da nata wuraren, kuma garin Dakoro ne ƙofar shiga gare su: kwarin Tarka, wanda ya ratsa gundumar daga gabas zuwa yamma, da gandun namun daji na Gadabeji, wanda raƙuman dawa suka koma cikinsa a shekarar 2018. Mazauna Maradi, Tasawa ko Madawa suna iya kai wa wuraren cikin yini guda. Ga bayani kan yadda wuraren suke, lokacin da ya fi dacewa, da ƙa'idojin da ke kare ran matafiyi da dukiyar makiyaya.

Mene ne kwarin Tarka?

Tarka tsohon kogi ne da ya daina gudu. Ya faro daga arewacin jihar Damagaram, wajejen Tanut da Balbeji, ya bi ta gundumar Dakoro, ya shiga jihar Tawa ta yankunan Buza da Madawa, sannan ya gangara zuwa iyakar Najeriya. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 300. Masana ƙasa suna kiran irinsa mataccen kwari, domin ruwa ne ya fafe shi a zamanin da Sahara take da tafkuna da ciyayi. Na baya-bayan nan daga cikin waɗannan zamuna masu ni'ima ya ƙare ne kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Tun daga nan iska ta riƙa zuba masa rairayi, har ya zama shimfiɗaɗɗiyar fadama mai faɗi, da tuddai a gefe da gefe.

Wanda ya saba ganin hotunan kwazazzabai masu tsayayyun bangayen dutse kada ya sa ran samun haka a nan. Gangaren Tarka a yankin Dakoro mai sauƙi ne, kuma abin kallon shi ne faɗin wurin: idan mutum ya hau tudu yana hango layin itatuwa masu duhu a tsakiyar kwarin, da garken shanu da raƙuma suna gangarowa rijiya, da ƙurar da suke tayarwa tana ɗaukar launin rana. Da damina ruwa yana kwanciya a wurare masu ƙwari, ya yi tabkuna da ke ɗaukar makonni ko watanni kafin su ƙafe.

Kwarin yana da wani matsayi a dokar ƙasa. Dokar watan Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda aka keɓe abin da ke bayanta domin kiwo, kuma dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka. A yankin Dakoro, Tarka ne mahaɗar ƙasar noma da ƙasar kiwo. Saboda ƙaruwar jama'a da gajiyar gonakin kudu, manoma sun daɗe suna matsowa arewa, abin da ke jawo saɓani da makiyaya kan burtali da rijiyoyi. A can ƙasa kuma, wajen Madawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, shi ya sa kwarin ya zama cibiyar noman albasa da rani.

Gandun Gadabeji

Gadabeji yana wajen kilomita 80 arewa maso gabas da garin Dakoro. A da yana ƙarƙashin gundumar Dakoro, amma tun sauyin tsarin mulki na 2011 ya koma cikin sabuwar gundumar Bermo. An keɓe gandun ne a shekarar 1955, zamanin mulkin Faransa, a kan fili mai hekta 76,000, kuma an ba shi matsayin gandun da aka haramta farauta a cikinsa baki ɗaya. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren da ake haɗa kare halittu da rayuwar mutanen da ke kewaye. Shi ne na uku a Nijar da ya samu wannan matsayi, bayan gandun W da na Ayar da Tenere. A sabon tsarin, faɗin yankin ya haura hekta miliyan 1 da dubu 400: tsohon gandun ne a tsakiya, sai yankin kariya da ke zagaye da shi, sai kuma faffaɗan yankin da ake kiwo da zama. Kusan mutane dubu 20 ne ke rayuwa a ciki, akasarinsu Abzinawa da Fulani.

Ƙasar wurin tuddan rairayi ne da ciyawa ta ɗaure, da ƙananan kwaruruka a tsakaninsu. Ruwan sama ba ya kai milimita 400 a yawancin shekaru. Itatuwan da ido ya fi cin karo da su sun haɗa da aduwa, ƙandili, danya, dashi, jiga, magarya da anza, ciyawar kuma ƙarangiya ta fi yawa. Daga cikin namun dajin da suka rage akwai barewa, jan biri, dila, yanyawa, zomo da kurege, sai tsuntsaye irin su tuje, zabin daji da ungulu, wadda ke ƙara wuyar gani a garuruwa. Mariri, wanda saboda irinsa aka kafa gandun tun farko, ya ƙare a dajin tuni sakamakon farauta da fari na shekarun 1970 da 1980.

Dawowar raƙuman dawa

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, mai hasken fata fiye da na gabashin nahiyar, a da yana yawo daga Senegal har tafkin Chadi. Zuwa shekarar 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, dukkansu a yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai. Matakan kariya sun sa adadin ya haura 600. Amma tara su a wuri ɗaya haɗari ne, domin annoba ɗaya ko rikici ɗaya na iya shafe su, ga shi kuma suna gogayya da manoma kan wake da mangwaro.

Wannan ne ya sa a watan Nuwamban 2018 hukumomin muhalli na Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, suka ɗauko guda 8 daga Kure suka kai su Gadabeji a mota, tafiyar fiye da kilomita 800. Kusan shekara 50 ke nan rabon dajin da raƙumin dawa. A shekarar 2022 an ƙaro wasu guda 4, kuma garken ya fara haihuwa a sabon mazauninsa. Raƙumar dawa tana ɗaukar ciki na kusan wata 15, ta haifi ɗa guda, don haka yaɗuwarsu a hankali take, kuma asarar ko da guda ɗaya babban koma baya ne.

Ganinsu ba tabbas ba ne a kowace fita. Garken ƙarami ne, dajin kuma da faɗi. Masu gadin gandun da ke bin sawunsu kullum su ne suka san inda suka kwana da inda suka nufa.

Me ya sa da yamma?

Dalili na farko shi ne dabbobin kansu. Da tsakar rana barewa da raƙumin dawa suna fakewa a inuwa, sai rana ta yi sanyi suke fitowa kiwo. Daga la'asar sakaliya zuwa magariba ne aka fi samun motsi a daji, kuma a lokacin ne tsuntsaye ke komawa sheƙa.

Dalili na biyu shi ne haske. Idan rana ta sunkuya, haskenta yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso ido. A kan hanya shuɗin launi yana watsewa, ja da ruwan lemo su saura. Haka nan inuwa tana tsawo, sai tuddan da suke kamar shimfiɗe da rana su fito da siffarsu.

Sai dai yammacin Sahel gajere ne. A Dakoro rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 6 na yamma a ƙarshen Nuwamba, wajen 6 da minti 40 a watan Maris, sai kuma jim kaɗan bayan ƙarfe 7 a ƙarshen Yuni da farkon Yuli. Bayan ta faɗi, hasken da ake iya ganin hanya da shi bai wuce na minti 20 zuwa 25 ba, domin a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana a miƙe take nutsewa. Ke nan wanda yake son kallo mai kyau ya kamata ya isa tudun da aka zaɓa aƙalla sa'a guda kafin faɗuwar, kuma ya san tun da wuri inda zai kwana. Wanda ya daidaita tafiyarsa da 13 ko 14 ga watan Musulunci zai ga wata yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa a yamma, kuma zai samu farin wata a sansani.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ne tafiyar ta fi sauƙi. Hanyoyi sun bushe, zafi ya ragu, ciyawa ta koma ruwan zinariya. Matsalar wannan lokaci ita ce hazo. Iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma a ranar da hazon ya yi kauri rana takan zama farin faifai ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Ƙura kaɗan tana ƙara wa sama ja, mai yawa kuma tana rufe komai. Da dare sanyi yana sauka sosai a Disamba da Janairu, don haka bargo da rigar sanyi wajibi ne.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 da rana, ruwa yana ƙaranci, dabbobin gida suna cunkushewa a rijiyoyi. Ba lokacin tafiya da yara ko tsofaffi ba ne.

Da damina, musamman Agusta da Satumba, dajin ya fi kyau: ko'ina kore, gajimare yana ɗaukar launuka, makiyaya sun hauro arewa da garkunansu, kuma a ƙarshen lokacin ne Woɗaaɓe ke tarukansu na shekara. Amma mota takan kafe a laka, hadari yana tasowa da yamma ba zato, sauro kuma ya yi yawa. A wannan lokaci ba a kafa sansani a cikin kwari ko korama, ko da a bushe take, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare.

Izini, jagora da mota

Gandun yana hannun ma'aikatan kula da ruwa da dazuzzuka, kuma dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilun 1998 ce ke aiki a kansa. Ba a shiga tsakiyarsa sai da izini. Hanyar da ta dace ita ce a tuntuɓi ofishin muhalli na Maradi, Dakoro ko Bermo kwanaki kafin tafiya, a sanar da yawan mutane da ranar zuwa, sannan idan an isa a gabatar da kai ga shugaban gandun, wanda zai haɗa baƙi da ma'aikaci ko ɗan gari da ya san dajin. Gaida magajin gari da hakimin yankin al'ada ce da ke sauƙaƙa komai.

Aikin jagora ya wuce nuna hanya. Shi ne ke karanta sawu, ya san tudun da ake hangen kwari daga kansa, ya san rijiyar da ke da ruwa, kuma yana jin Tamashek ko Fulatanci idan an sauka a zangon makiyaya. A dajin da tuddai suka yi kama da juna, kuma layin waya yake ɗaukewa, taswirar salula ba ta maye gurbinsa. Kafin a tashi, yana da kyau a tambaye shi abubuwa huɗu: ina za a tsaya kallon, minti nawa ne daga nan zuwa masauki, wa aka sanar da tafiyar, kuma me za a yi idan mota ta lalace.

Daga Maradi zuwa Dakoro kwalta ce, tafiyar kimanin kilomita 120. Daga Dakoro zuwa arewa kuma rairayi ne ya fi yawa, sai mota kat-kat da direban da ya saba. Ana rage iskar tayoyi idan an shiga yashi mai laushi, a mayar idan an fito. Motar ta ɗauki tayar safiya, famfon iska, shebur, igiyar ja da ƙarin mai a jarka. Mota biyu sun fi ɗaya. A cika tanki a Dakoro.

Kuɗin tafiya ya ƙunshi hayar mota, mai, ladan jagora da abinci. A yi ciniki a gama tun a gari, a fayyace ko kuɗin mai yana ciki, kuma duk abin da aka biya a ofis a karɓi takardar shaida.

Wanda ba shi da halin kwana a daji yana iya taƙaita yawonsa ga bakin Tarka, ya fita bayan azahar ya dawo gari da wuri. Gadabeji kuwa tafiyar kwana ce: dawowa Dakoro cikin duhu a kan hanyar rairayi ganganci ne.

Abin da za a ɗauka, da abin da aka hana

Ruwa ne kan gaba: aƙalla lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da na mota. Sai rawani ko hula, tocila, maganin da mutum ya saba sha, da takalmi rufaffe, saboda ƙarangiya da kuma kunama da kububuwa, waɗanda ke fitowa idan ƙasa ta huce. A haska wuri kafin a shimfiɗa tabarmar sallar magariba, a kakkaɓe takalmi da safe. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau: a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti mafi kusa.

Babbar barazana ga yankin ita ce wutar daji. Daga Oktoba, idan ciyawa ta bushe, guntun sigari ko garwashin shayi da ba a kashe ba ya isa ya cinye makiyaya mai faɗi cikin sa'o'i kaɗan, kuma ciyawar nan ita ce abincin dabbobi har zuwa damina mai zuwa. Shi ya sa kowace shekara ake share dogayen layuka a daji domin tare wuta. Mai dafa shayi ya share wuri har ƙasa, ya tona rami, idan ya gama ya zuba ruwa ya binne. Kada a tsayar da mota mai zafin salansa a kan doguwar ciyawa.

An hana farauta, kama ƴaƴan dabbobi, kwasar ƙwan tsuntsaye da saran itace. Ba a bin dabba da mota domin hoto, ba a yi mata ham. Raƙumin dawa yana da sanyin hali, amma uwa mai ɗa tana harbi da ƙafa, kuma harbin na iya kisa. Nisan da jagora ya ce a tsaya, a nan ake tsayawa. Leda da robar ruwa a dawo da su gari, domin dabbar da ta haɗiye leda takan rame ta mutu.

Haka nan zangon makiyaya gidan mutane ne. A yi sallama daga nesa, a jira a amsa, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa, musamman mata da yara. A rijiya akwai layi, kuma mai rijiya ne ke ba da dama.

Batun tsaro

Tun bayan harin ranar 9 ga Agustan 2020 a Kure, inda aka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji tare da direbansu da jagoransu ƴan Nijar, hukumomi sun ƙara tsaurara sharuɗɗan zirga-zirgar baƙi ƴan ƙasashen waje, waɗanda galibi sai da rakiyar jami'an tsaro suke fita daga manyan birane. Mai niyyar tafiya da baƙo daga waje ya fara neman bayani a ofishin gwamna. Ga ƴan ƙasa ma, ƙa'idar ita ce a riƙe katin shaida, a sanar da jandarmomi hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a guji tafiyar dare, kuma a bar lambar jagora a hannun wani a gida. Halin hanya yana sauyawa, don haka labarin da aka samu a ranar tafiya ya fi na makon jiya.

Ga masu neman kwazazzabon dutse

Wanda burinsa shi ne tsayayyun duwatsu sai ya nufi arewa. A tsaunukan Ayar, waɗanda suka shiga jerin kayan tarihi na duniya tare da Tenere a 1991, akwai kwaruruka masu zurfi da tafkunan cikin dutse, kamar na kusa da Timiya, inda ruwa ke zubowa daga sama bayan damina. Kudu da Agadas akwai dogon gangaren Tigidit. A Dabus, kan hanyar Arlit, an sassaƙa hoton raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, shaidar cewa dabbar ta taɓa zama a inda yanzu hamada ce. A Chadi akwai kwazazzabon Arshei a tsaunukan Ennedi, inda raƙuma ke shan ruwa tsakanin bangayen dutse. Mafi shahara a duniya shi ne Grand Canyon na jihar Arizona a Amurka, wanda kogin Colorado ya fafe: tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya kai kusan mita 1,800.

Yawon buɗe ido na Agadas, wanda ya dogara da Turawa, ya durƙushe bayan tawayen 2007 da sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010, jagorori da direbobi da maƙera da dama suka rasa abin yi. Darasin da ke ciki ga Gadabeji shi ne baƙin cikin gida sun fi ɗorewa: ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, ƴan makarantun sakandare, ma'aikata da iyalai a lokacin hutu. Kuɗin da suke kashewa a hannun jagora, mai raƙumi, mai sayar da cuku ko mai dafa abinci, shi ne ke nuna wa mazauna yankin cewa barewa mai rai ta fi wadda aka harbe amfani. Masu shirya irin wannan tafiya ta rukuni su sanar da ofishin gandun da wuri, su raba mutane ƙananan ƙungiyoyi, kuma su sa ranar a tsakanin Nuwamba da Fabrairu.